Gini kan yi kuka kafin ya faɗi, saura mai gane inda kukan ya fito

 Sharhinmu na wanga mako a kan wata ƙara ce da kusan kowa ya sani. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro cikin watan Agusta, ruwa na zuba tun magariba bai tsagaita ba, ya san ta. Can tsakar dare sai ka ji "ƙas" daga sama. Maigida ya haska tocila, ya ce ɓera ne. Uwargida ta ce a'a, daga kusurwar gabas ta ji, wajen da yara ke kwance. Sai a yi shiru a koma barci, ko kuma a kwashe yara a fita. Wanne za a yi cikin biyun, ya danganta ga amsar tambaya guda: daga ina ƙarar ta fito? In ƙyauren ƙofa ne ya kumbura da laima, ba komai. In azarar tsakiya ce ta fara tsinkewa, to magana ta zama ta rai.

Wagga tambaya ba tamu ba ce mu kaɗai. Injiniyoyin da ke kula da jiragen sama da manyan gadoji da tankunan masana'antu ita suke ta fama da ita shekara da shekaru, har ta zama fannin ilimi mai zaman kansa. Mun ga ya dace mu duba abin da suka gano, mu ga wanne zai amfane mu kafin damina ta sauka.

Abin da damina ta nuna mana

Ba mu manta da daminar 2024 ba. Alƙaluman da gwamnati ta bayar a ƙarshe sun nuna mutum kusan 400 suka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma ambaliya ta shafa, har sai da aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen watan Oktoba. Da yawa cikin mamatan ba ruwa ne ya tafi da su ba, gini ne ya rufta musu. Ranar 3 ga Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai yawa, kuma an riga an ga tsagogi a jikinsa.

Shekara guda kafin nan, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masu sallar La'asar. Rahotannin farko sun ce mutum bakwai suka rasu, daga baya adadin ya ƙaru. Masallacin aikin Babban Gwani ne tun shekarun 1830, kuma masana gine-gine na duniya na lissafa shi cikin mafi ƙwarewar ginin Hausa. Mai martaba Sarkin Zazzau, Ahmad Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an lura da tsaga a bango kwana guda kafin abin ya faru, ana shirin kiran injiniyoyi su duba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ba don neman mai laifi muka kawo waɗannan ba. Abin lura shi ne, a wuraren biyu ginin ya ba da alama. Abin da ido bai iya faɗi ba shi ne zurfin ɓarnar a ciki, da ainihin wurin da take ci, da kwanakin da suka rage. Tsagar da ta bayyana a fuskar bango ƙarshen labari ce. Farkonsa na can ciki, inda ƙasa ta saki azara.

Gauraye ya fi ƙarfi, amma ya fi ɓoye ciwonsa

Bakan gizon masallacin Zariya azara ce aka jera aka lulluɓe da ƙasa. Tubalinmu ƙasa ce da ciyawa ko ƙaiƙayi. Ita kanta azarar, wadda ake tsagowa daga giginya irin ta Dallol Mauri wajen Gaya, in ka duba bakinta za ka ga baƙaƙen zaruruwa masu tauri kwance cikin nama mai laushi. Duk dabara ɗaya ce: zare ya ɗauki ja, abin da ke kewaye da shi ya riƙe zaren wuri guda. Abin da injiniyoyi ke kira haɗaɗɗen abu ke nan.

Na zamani zaren gilashi ne ko zaren kabon, a shimfiɗa falle kan falle, a jiƙa da wani irin danƙo, ya daskare ya yi tauri. Da shi ake yin fukafukan injinan iska masu ba da lantarki, da kwale-kwalen fiba, da wasu tankunan ruwa da na iskar gas. Jirgin sama samfurin Boeing 787 kusan rabin nauyinsa irin wannan abu ne. Ga rashin nauyi, ga ƙarfi, ga ba ya tsatsa.

Aibinsa guda: ba ya nuna ciwo. Ƙarfe kan lanƙwasa ko ya lotsa kafin ya karye, mai ido ya gani. Shi haɗaɗɗen abu sai danƙon ya tsattsage a ciki, falle ya rabu da falle, zaruruwa su tsinke ɗaya bayan ɗaya, alhali waje sumul kamar sabo. Sai dai duk zaren da ya tsinke, duk fallen da ya saki ɗan'uwansa, sai ya saki wata 'yar girgiza ta bi jikin abin. Mafi yawanta kunnen mutum ba ya kama ta, don jinmu ya tsaya a wajen kaɗawa 20,000 a sakan guda, ita kuwa takan kai dubu ɗari, har miliyan. Shi ya sa ake manna wa gini wasu ƙananan kunnuwan na'ura, kowanne bai fi murfin kwalba ba, masu mayar da girgiza ta zama lantarki kwamfuta ta rubuta.

A nan akwai bambanci da abin da iyayenmu mata ke yi a kasuwa. Mai sayen tukunya ko randa takan ƙwanƙwasa ta ji: in ta yi amo, lafiya, in ta yi "dum", akwai tsaga. Wannan tambayar tukunya ce aka yi ta amsa. Kunnen na'ura ba ya ƙwanƙwasa komai, zaune yake dare da rana yana jiran abin ya yi kuka da kansa sa'ad da nauyi ya danne shi. Tukunya ta gaya maka akwai tsohuwar tsaga. Na'ura ta gaya maka tsagar na tafiya yanzu.

Yadda ake gano wurin

Makiyayi in akuyarsa ta yi kuka cikin duhu, yakan juya wajenta ba tare da tunani ba, saboda kukan ya riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan. Lissafin injiniyoyi ke nan, ba wani abu ba.

Mu ɗauki sandar ƙarfe mai tsawon mita 10, da kunne ɗaya a kowane baki. Sauti na gudu cikin irin wannan sanda wajen mita 5,000 a sakan, alhali cikin iska mita 340 ne kacal. In tsagar a tsakiya take, kunnuwan biyu za su ji lokaci guda. In na gabas ya riga na yamma da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, to hanyar zuwa yamma ta fi ta gabas da mita 5. Ke nan tsagar na mita biyu da rabi daga bakin gabas, mita bakwai da rabi daga na yamma. A kan faifai mai faɗi kuwa kunne biyu ba su isa ba, sai uku ko fiye, kowane biyu su ba da layi, inda layukan suka haɗu nan ne ciwon.

Kun ga duk lissafin ya rataya ga abu guda: a san gudun sautin, kuma gudun ya zama ɗaya ta kowace fuska. A ƙarfe haka yake. A haɗaɗɗen abu ba haka ba ne. Sautin da ya bi tsawon zare ya samu gudron, wanda ya ratsa zaren a gicciye ya shiga rairayi. A faifan kabon da zarensa ke kwance fuska ɗaya, gudun da ke bin zare kan ninka na gicciye sau uku ko huɗu. Ka kwatanta da mutum biyu da suka tashi daga wuri ɗaya, guda ya hau babur kan babbar hanyar Dutsi zuwa Doso, guda ya bi ta gona da ƙafa. Wanda ya duba lokacin isowarsu kawai, bai san hanyar da kowa ya bi ba, zai yi kuskuren faɗin inda suka taso.

Ba nan wahalar ta tsaya ba. Girgizar ba iri ɗaya ba ce, akwai mai sauri akwai mai nawa, sai na'ura ta kama ta farko a wannan kunne, ta kama ta biyu a wancan. Danƙo na shanye sauti, ya raunana kafin ya yi nisa. Rami ko ƙusa ko wurin da abin ya yi kauri na karkatar da shi. Ga kuma hayaniyar waje: ɗigon ruwan sama, yashin da iska ke watsawa, noti mai motsi.

Dabarar da ta fi ba mu sha'awa cikin waɗanda aka fito da su mai sauƙi ce ƙwarai. Masu bincike a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya sun bayyana ta a 2007. Maimakon a yi ta lissafin gudun da ba a sani ba, sai a zana layuka kan abin kamar gidan dara. A kowace mahaɗa a danna bakin fensir siriri, mai kaurin rabin milimita, har ya karye. Karyewar bakin fensir na ba da girgiza mai kama da ta tsaga. A rubuta yadda kowane kunne ya ji ta, a ajiye. Ran da tsagar gaske ta yi kuka, sai kwamfuta ta duba taswirar ta ce wannan ya yi daidai da gida kaza. Wato sai ka san gini tun yana da lafiya kafin ka gane shi ran da ya yi ciwo. Yanzu ana koya wa kwamfuta ta riƙe irin wannan taswira da kanta, amma tushen bai canja ba.

Akwai kuma ƙa'idar da ke nuna ko kukan na haɗari ne. Wani Bajamushe, Joseph Kaiser, ya nuna a 1950 cewa abin da aka ɗora wa nauyi aka sauke, in an sake ɗorawa ba ya kuka sai an wuce nauyin farko. A shekarun 1970 injiniya Timothy Fowler, da ke aiki kan tankunan fiba na kamfanin Monsanto a Amurka, ya lura cewa tankin da ya lalace a ciki kan fara kuka tun ba a kai nauyin farko ba. Mai amalanke zai gane wannan: amalanken da ya saba ɗaukar buhu goma shiru, ran da ya fara ƙara a buhu na bakwai, a sauke a duba.

An ji a Titan, an ji a Landan

Labarin da ya fi fito da muhimmancin gano wuri shi ne na Titan, ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku na kamfanin OceanGate, wanda ya murƙushe ranar 18 ga Yuni 2023 a hanyarsa ta zuwa kallon ɓaraguzan Titanic da ke zurfin mita 3,800. Mutum biyar suka mutu, har da shugaban kamfanin, Stockton Rush. Gangar jirgin zaren kabon ce mai kaurin wajen santimita 13, kuma kamfanin na alfahari da kunnuwan na'urar da ya manna mata, wai za su yi gargaɗi kafin ta fashe.

Sun kuwa yi. A watan Yuli 2022, a nutso na 80, jirgin na tasowa sai aka ji wata babbar ƙara, mutanen ciki suka ji, na'ura ma ta rubuta. Tambayar maigida da uwargida ta taso: daga ina? Bayanin da aka karɓa a kamfanin shi ne gangar ce ta ɗan motsa cikin firam ɗin ƙarfen da ke riƙe da ita. Wato ɓera ne. Aka ci gaba da nutso, jirgin ya yi hunturu a ajiye a fili a Kanada, ba a kai shi an buɗe an duba ba. Bayan hatsarin, masu binciken gwamnatin Amurka sun bi bayanan na'urorin suka ce tun daga wannan nutso falle ya fara rabuwa da falle a cikin gangar. Rahoton rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka na watan Agusta 2025 ya ce hatsari ne da za a iya kauce masa. Tun a 2018 ma wani babban ma'aikacin kamfanin, David Lochridge, ya yi gargaɗin cewa dogaro da saurare kaɗai ba ya isa, don ƙarar ƙarshe na iya zuwa sa'ad da ba sauran lokacin gudu. Sallamarsa aka yi.

A Landan kuwa akwai gadar sama ta Hammersmith, ta kankare da igiyoyin ƙarfe a ciki, wadda aka buɗe a 1961. Ruwan gishiri ya daɗe yana cin igiyoyin a ɓoye. Kunnuwan na'ura na ƙirga tsinkewar wayoyi suna nuna sashen da abin ya fi yawa, injiniyoyi suka fasa suka duba. Ranar 23 ga Disamba 2011, ana dab da Kirsimeti, hanya cike da motoci, hukuma ta rufe gadar. Mutane sun yi ta ƙorafin cunkoso. Aka gyara, aka sake buɗewa, ba wanda ya mutu.

Wurare biyun duk an ji ƙara. Bambancin shi ne a ɗaya an bi ta har inda ta fito, an yarda da asarar tsayar da aiki. A ɗayan an zaɓi bayanin da ya fi arha.

To mu fa?

Gaskiya ita ce ba wanda zai manna wa ɗakin soro a Kieche irin waɗannan kunnuwa. Tsada a gefe, jiƙaƙƙiyar ƙasa na shanye siririyar girgiza tun ba ta yi nisa ba. Inda na'urar ke da amfani a ƙasarmu manyan ayyuka ne. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ta jihar Doso ya ratsa, kuma ba mu manta da sojoji shida masu gadinsa da aka kashe kusa da Salkam a yankin Tibiri cikin Yuni 2024 ba. Bututun ƙarfe ne, layi ɗaya, irin lissafin sandar da muka yi a sama, kuma a duniya ana amfani da saurare wajen gano inda bututu ke yoyo ko inda ake haƙa kusa da shi. Manomin da bututu ya bi ta gefen gonarsa, rijiyarsa kuma ba ta da zurfi kamar yadda rijiyoyin dallol suke, yana da haƙƙin ya san cikin awa nawa za a gano yoyo, kuma wa zai kira in ya ga ƙasa ta yi baƙi. Haka gadojin babbar hanya da shato-shaton ruwan garuruwanmu. Duk wanda zai miƙa wa komin sabon gini, a tambaye shi: wa zai riƙa dubawa, sau nawa a shekara, ina littafin? Ɗalibanmu na EMIG a Yamai da na Jami'ar Doso ma ga aikin bincike a ƙofar gida, don azara da tubali ba su da mai auna su sai mu.

A gida kuwa, ƙa'idojin injiniyoyin nan ba su buƙatar lantarki.

Na farko, ka san ɗakinka tun yana da lafiya. Yanzu da rani, a bi azara ɗaya-ɗaya a ƙwanƙwasa, musamman bakinta da ya shige bango, inda gara da laima ke fara ci. Wadda ta yi "dum" ko ta zubo gari, a sa mata alama. A hau a share indararo, a toshe ramukan rufi, a duba gindin bango inda ruwa ke kwanciya.

Na biyu, tsaga a ba ta kwanan wata. A ja layi da gawayi ko fensir a ƙarshenta, a shafa ɗan siminti siriri a gicciye. In bayan mako tsagar ta wuce layin, ko simintin ya rabu, to tana tafiya. Tsohuwar tsagar da ta shekara ba ta motsa ba daban, mai tafiya daban.

Na uku, in an ji ƙara, a nemi wurinta da kunne fiye da ɗaya. Abin da uwargida ta ji daga wancan gefe shaida ce, ba tsoro ba ne. Amma a fitar da yara tukuna, sannan a yi gardamar daga waje. In ƙarar na maimaituwa wuri guda, ko tazarar tsakaninta na raguwa, ko ƙasa na zubowa daga rufi, ko ƙofar da ke rufuwa jiya ta ƙi rufuwa yau, ba a kwana a ɗakin.

Na huɗu, a tuna da amalanke. Rufin da ya jure ruwan bara shiru, bana ya fara ƙara da yayyafi, ya gaya maka ƙarfinsa ya ragu.

Na biyar, shiru ba shaidar lafiya ba ne. Bangon da ruwa ya cinye gindinsa na iya kifewa ba tare da ya ce uffan ba. Kunne na taimakon ido, ba ya maye gurbinsa.

Saura masallatai da azuzuwan lakwal da makarantun allo, inda mutum ɗari ke taruwa ƙarƙashin rufi ɗaya. A nan abin da ya fi wuya ba jin ƙarar ba ne, faɗin "a fita" ne. Ladan ko malamin aji na iya ganin tsaga ya yi nauyin baki, kada a ce ya hana sallah ko ya kori yara. Shawararmu ga limamai da masu unguwanni da kwamitocin iyayen yara ita ce a zauna tun yanzu, a ɗauki magini guda da aka yarda da shi, a ba shi ikon cewa yau a yi sallah a fili, yau a yi karatu a rumfa, kuma a yi alkawari ba wanda zai zarge shi in an duba an tarar ba komai. Sau goma a fita a banza ya fi sau ɗaya a zauna.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Labarin Titan ya ƙara mana cewa sai in ƙafa ta bi abin da kunnen ya ji. Magina da masu sayar da azara da ke da wata alamar da ba mu ambata ba, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, ku kawo mu isar wa jama'a kafin ruwan farko. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu.